Tsallen Barewa da Takardar Neman Aikin Sakatare

Gabatarwa

A 'yan shekarun baya an taɓa sa ni cikin wani kwamiti da aka ɗora wa nauyin zaɓo mataimaki ga wani shugaban tsangaya. Gurbi ɗaya ne tak, amma takardun masu nema sai da suka cika kwali biyu. Mu huɗu muka zauna a kansu tun hantsi, kuma kafin a kira sallar azahar na lura da wani abu da ya fara ba ni dariya, daga baya ya koma ba ni tausayi. Kusan duk wanda ya rubuto ya shaida mana cewa shi mutum ne mai gaskiya, mai ƙwazo, mai riƙon amana, mai iya zama da jama'a. Ba na shakkar cewa da yawansu haka suke. Abin da ya gagare mu shi ne gane wane ne haka ɗin, wane ne kuma ya kwafo kalmomin daga takardar abokinsa. Na tabbata a wannan rana mun ture takardun mutanen kirki gefe, don kawai ba su ba mu abin da za mu kama ba.

Takardar da nake nufi ita ce wadda aka fi sani da CV, wato taƙaitaccen tarihin karatun mutum da ayyukan da ya yi, wanda yakan haɗa da wasiƙar neman aiki. Asalin sunan daga harshen Latin yake, kuma ma'anarsa tafarkin rayuwa. A wannan maƙala zan riƙa kiran ta takardar tarihin aiki. Mai karatu yana iya tambayar ina ruwan malamin ilimin halittu da irin wannan takarda. Dalilin shi ne, matsalar da kwamitinmu ya faɗa ciki tsohuwar matsala ce a ilimin halayyar dabbobi, kuma amsar da masana suka samo a daji tana da amfani ga ɗalibin da zai zauna ya rubuta takardarsa ta farko.

Barewa da kyarkeci

A dajin Serengeti na ƙasar Tanzaniya akwai wata ƙaramar barewa da ke yin abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Idan garken kyarkeci ya tunkaro ta, maimakon ta zuba da gudu iyakar ƙarfinta, sai a ga tana daka tsalle sama, ƙafafunta huɗu a sandare, ta dira ta sake tashi. A ido wannan wauta ce, domin tsallen yana cin ƙarfi, yana kuma cin lokacin da ya kamata ta yi nisa. A shekarar 1988 wasu masu bincike biyu, Clare FitzGibbon da John Fanshawe, suka buga sakamakon lura da suka yi da waɗannan bareyi. Sun gano cewa bareyin sun fi yin tsallen a lokacin damina, sa'ad da suke da ƙoshin jiki, kuma idan kyarkeci ya tashi ware wadda zai bi, yakan fi ware wadda tsallenta ya yi ƙaranci. Ashe tsallen saƙo ne zuwa ga maƙiyi cewa wannan barewa tana da ƙarfin da za ta gajiyar da shi, don haka ya nemi wata.

Me ya sa kyarkeci zai yarda da saƙon? Saboda barewar da yunwa ko ciwo ya raunana ba za ta iya yin wannan tsalle yadda ya kamata ba, in ma ta gwada, ƙarfin da za ta tsira da shi ne take zubarwa. Masanin dabbobi Amotz Zahavi ne ya kawo wannan tunani a shekarar 1975, lokacin da yake neman bayanin abubuwa irin su jelar ɗawisu, wadda nauyinta da tsawonta ba su da wani amfani ga tsuntsun wajen neman abinci ko tsere wa maƙiyi. An yi ta muhawara a kan ra'ayinsa, an kuma gyara shi. Abin da masana suka fi tsayawa a kai yanzu shi ne, alama tana zama abin dogaro ne idan yin ta da ƙarya ya fi tsada a kan yin ta da gaskiya. Ba dole ba ne mai gaskiya ya wahala, amma dole ne maƙaryaci ya wahala.

Wani abin sha'awa shi ne, shekaru biyu kafin Zahavi, a 1973, wani masanin tattalin arziki mai suna Michael Spence ya yi irin wannan bayani game da kasuwar neman aiki, ba tare da ya shiga daji ba. Ya nuna cewa mai ɗaukar ma'aikaci ba ya iya ganin ƙwazon mutum kafin ya ɗauke shi, saboda haka sai ya dogara da alamu, kamar takardar shaidar karatu. Wannan aiki yana cikin abin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a shekarar 2001.

To, mu koma ga kwalayen nan biyu. Rubuta "ni mai ƙwazo ne" ba ya cin komai sai tawada. Mai ƙwazo da malalaci farashi ɗaya suke biya, don haka jimlar ba ta raba su, kuma mai karatu mai hankali ba ya ba ta nauyi ko kaɗan.

Wane irin aiki ake nema?

Kafin a san hujjar da za a kawo sai an san aikin. Hausawa sun daɗe da sanin wannan sana'a, domin a fadojin sarakunanmu akwai magatakarda, wanda ke rubuta wasiƙun sarki, yana karanta masa waɗanda suka iso. Kalmar sakatare kuwa ta samo asali ne daga kalmar Latin mai nufin sirri. Kayan aikin sun yi ta sauyawa. Isaac Pitman ya fito da tsarinsa na rubutun gaggawa a Ingila a 1837, kamfanin Remington ya fara sayar da tafireta a Amurka a 1874, yau kuma kwamfuta da wayar hannu sun maye gurbinsu. A kwalejojin kimiyya da fasaha na Nijeriya ma, kwas ɗin da a da ake kira nazarin aikin sakatare an sake masa fasali da suna, ya koma fasahar ofis da gudanarwa.

Mataimakin babban jami'i shi ne ke riƙe da jadawalin maigidansa a ofis: ya tsara wa zai gani da yaushe, ya shirya taro, ya rubuta rahoton abin da aka tattauna, ya tace wasiƙu, ya shirya tafiye-tafiye, ya tuna wa maigida alkawarin da ya ɗauka. Mataimaki na kusa, wanda ake ce wa PA, yana yin yawancin waɗannan, amma sau da yawa aikinsa yakan shiga har cikin al'amuran maigida na ƙashin kansa. A duka biyun abin da ake saya ɗaya ne, wato lokacin maigida da kwanciyar hankalinsa. Duk layin da ke cikin takardar tarihin aiki ya kamata ya amsa tambayar da ke zuciyar mai ɗauka: idan na miƙa wa wannan mutum jadawalina da makullin durowata, zan iya barci?

Akwai wani tsohon misali da nake son ɗalibai su sani. Wajen shekarar 1482, Leonardo da Vinci, yana da kimanin shekara 30, ya rubuta wa Ludovico Sforza mai mulkin birnin Milan wasiƙar neman aiki. Duniya ta san Leonardo da zane, amma a wasiƙar ya jero gadoji marasa nauyi da za a iya ɗauka a tafi da su, da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da igwa, da motocin yaƙi masu rufi. Sai can ƙarshe ya ambaci sassaƙa da zane. Ya san mai mulki a zamanin yaƙe-yaƙe ya fi buƙatar injiniya, shi ya sa ya sa wannan a gaba. Ya kuma rufe wasiƙar da cewa in ana shakkar wani abu daga cikin abin da ya faɗa, a shirye yake ya gwada shi a gaban mai mulkin. Wannan tayi na ƙarshe shi ne tsallen barewarsa.

Da'awa da hujja

A ɗakin gwaji, idan ɗalibi ya rubuta mini cewa "tsiron ya girma sosai," nakan mayar masa da littafinsa. Ina son ya ce tsiron ya ƙaru da santimita kaza cikin kwana kaza, an auna shi da abu kaza. Wannan horo shi ne ainihin abin da ake buƙata a takardar tarihin aiki. A Nijeriya yawanci da Ingilishi ake rubuta ta, a Nijar kuma da Faransanci, amma zan kawo misalan da Hausa don tunanin ya fito fili.

Wata mai neman aiki ta rubuta: "Na ƙware wajen shirya taro." Wata kuma ta rubuta: "Na riƙa shirya taron shugabannin sassa na mako-mako, mai mutum 12, na tsawon shekara 2, kuma nakan raba rahoton taro kafin tashi aiki washegari." Ta biyun ba ta yabi kanta da ko kalma ɗaya ba. Ta faɗi abin da ta yi, da yawansa, da tsawon lokacinsa, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ana iya ɗaga waya a tambayi tsohon maigidanta. Idan ƙarya ta yi, ta ɗaura wa kanta igiya, domin ranar ganawa za a ce ta bayyana yadda take tsara rahoton, kuma wadda ba ta taɓa yi ba za ta fara kame-kame tun a tambaya ta biyu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma lambobi suna ƙara ƙurar da shi.

Wannan hanya tana warware mana wata matsala ta tarbiyya. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma na sha ganin ɗalibai, musamman mata, suna jin nauyin rubuta abin da suka iya. Wanda ya faɗi abin da ya faru bai yi yabon kai ba, shaida ya bayar. Kunya ba ta hana mutum cewa ya riƙe littafin kuɗin ƙungiya shekara biyu, an bincika ba a sami giɓi ba.

Haka batun ƙwarewa yake. "Na iya kwamfuta" magana ce da ba ta da iyaka, domin mai kallon bidiyo a kwamfuta ma ya iya ta. A faɗi manhajar da aka iya da abin da aka yi da ita: tsara wasiƙu da Word, lissafin kuɗin tafiya da Excel, riƙe jadawali da Outlook ko Google Calendar, haɗa taron nesa da Zoom. Saurin buga rubutu kuwa ana auna shi da yawan kalmomi a minti, kuma a wannan awo kowane bugu 5 ake ɗauka kalma ɗaya. Shawarata ita ce ɗalibi ya gwada kansa sau uku a ranaku dabam-dabam, ya fitar da matsakaici, ya rubuta shi. Kada ya rubuta sakamakon ranar da ya fi sa'a, domin za a zaunar da shi gaban na'ura, a ranar da hannunsa ke rawa.

Harsuna ma dukiya ce a wannan aiki. Wanda ya iya Hausa da Ingilishi, ya ƙara da Larabci ko Faransanci ko Fulfulde, ya rubuta su, amma ya bambanta harshen da yake ji, da wanda yake magana da shi, da wanda zai iya rubuta wasiƙar ofis da shi.

Bincike ya goyi bayan masu ɗaukar aiki da ke neman irin wannan hujja. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter sun tattara sakamakon bincike na shekara 85 kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. Sun sami cewa gwada mutum da ainihin aikin, da ganawa mai tsararrun tambayoyi, suna cikin hanyoyin da suka fi nuna wanda zai yi aiki da kyau, yayin da yawan shekarun karatu kaɗai bai nuna abu mai yawa ba, shekarun haihuwa kuwa kusan ba su nuna komai ba. A 2022 Paul Sackett da abokan aikinsa suka sake lissafin, suka rage wasu alƙaluman, sai ganawa mai tsararrun tambayoyi ta hau kan gaba. Ma'anar wannan ga mai nema ita ce, takardarsa ƙofa ce kawai zuwa wurin da za a gwada shi, don haka kada ya rubuta abin da ba ya son a tambaye shi.

Hujja ba tare da tona asiri ba

A nan ne aikin sakatare ya bambanta da sauran ayyuka, kuma a nan ne na ga masu ƙwazo suna faɗuwa. Mun ce a kawo hujja filla-filla. To amma mafi girman abin da ake nema ga mataimaki shi ne ya iya riƙe bakinsa. A cikin kwalayen nan akwai wata takarda da ta burge mu a shafin farko, mai ita ya yi aiki na gaske, ya kuma iya faɗinsa. A shafi na biyu sai ya shiga ba mu labarin yadda ya taimaka wa tsohon maigidansa a wata rigima da hukumar gudanarwar kamfanin, har da sunayen waɗanda aka yi rigimar da su da kuɗin da ake jayayya a kai. Ɗaya daga cikinmu, wata dattijuwa da ta daɗe a aikin mulki, ta ajiye takardar ta ce, "Malam, wannan gobe labarinmu zai kai wani ofis." Ba wanda ya yi mata musu.

Mafita ita ce a auna aikin, a bar abin da ke cikinsa. Ana iya cewa an riƙe fayilolin ma'aikata kimanin 80 na tsawon shekara 3, ba tare da an faɗi abin da ke cikin ko ɗaya ba. Ana iya cewa an shirya tafiye-tafiyen ƙasashen waje sau kaza a shekara, har da biza da masauki, ba sai an faɗi inda aka je da wanda aka gani ba. Wanda ya yi wa wani attajiri ko ɗan siyasa aiki a gidansa yana iya rubuta cewa ya yi aiki da wani ɗan kasuwa a birni kaza, kuma zai ba da sunan idan an kai matakin ganawa, bayan ya nemi izinin mai sunan. Mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi zai karanta wannan kamewa a matsayin hujja, watakila ma mafi ƙarfi a duk takardar, domin mai surutu ba ya iya yin ta.

Yadda ido ke karatu

Samun hujja wani abu ne, sa ta inda za a gan ta wani abu ne dabam. Muna jin kamar idonmu yana zamewa ne a kan layi sumul, amma ba haka ba ne. Tun a ƙarshen shekarun 1870 wani likitan ido Bafaranshe, Louis Émile Javal, ya bayyana cewa ido yana karatu ne da tsalle-tsalle. Yakan tsaya kimanin rubu'in sakan, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, kuma a lokacin tsayawar ne kawai yake ɗaukar rubutu. Dalilin yana cikin ginin idon kansa. A tsakiyar tantanin da ke karɓar haske a bayan ido akwai wani ɗan gurbi, faɗinsa kimanin milimita ɗaya da rabi, inda ƙwayoyin gani suka fi cunkushewa. Da wannan gurbi kaɗai muke gani tar. Idan mai karatu ya miƙe hannunsa ya dubi babban yatsansa, faɗin yatsan shi ne kusan iyakar abin da yake gani sarai a tsayawa ɗaya.

Gwaje-gwajen da George McConkie da Keith Rayner suka fara a tsakiyar shekarun 1970 sun nuna cewa mai karanta Ingilishi yana amfana da haruffa 3 ko 4 a hagun inda ya tsaya, da kimanin 14 ko 15 a dama. Ga masu karanta Ibrananci da Larabci, waɗanda ake rubutawa daga dama, abin yakan juya. Wannan ya nuna sabo ne ke horar da ƙwaƙwalwa, ba halittar ido ba ce ta fifita wani ɓangare.

Mai duba takardu ɗari ba karanta su yake yi ba a zagayen farko, leƙa su yake yi. Wani kamfanin neman aiki na Amurka, TheLadders, ya ba da rahoto a 2012 cewa masu tace takardu suna ba kowace takarda kimanin sakan 6 a kallon farko. Mutum 30 kawai aka gwada, kuma kamfanin yana da hajar sayarwa, don haka ba na ɗaukar wannan lamba kamar nassi. Amma ko da sakan 20 ne, lissafin bai sauya ba: tsayawar ido 'yan gomomi ce, kowace tana ɗaukar kalma biyu ko uku. Ga kuma iyakar ƙwaƙwalwa. George Miller ya ƙiyasta a 1956 cewa mutum yana riƙe abubuwa kimanin 7 a zuciyarsa a lokaci guda, Nelson Cowan kuma ya nuna a 2001 cewa adadin ya fi kusa da 4.

Daga nan tsarin takardar yake fitowa da kansa. Suna da lambar waya da adireshin imel a sama. Ƙarƙashinsu layi uku ko huɗu da ke ɗauke da hujjoji mafi ƙarfi, waɗanda suka dace da tallar aikin da ake amsawa, kamar yadda Leonardo ya yi. Sannan ayyukan da aka yi, a fara da na baya-bayan nan, kowanne da sunan muƙami da shekaru a farkon layi, inda ido ke sauka. Sai karatu, da shaidar hidimar ƙasa ga wanda ta wajaba a kansa. Shafi ɗaya ya ishi sabon shiga, biyu sun ishi wanda ya daɗe. A bar fili tsakanin sassa, a yi amfani da salon harafi ɗaya, a guji kwalliya. Manyan kamfanoni da yawa yanzu suna fara zuba takardu cikin manhajar da ke karanta su tana neman kalmomi, kuma irin wannan manhaja takan rikice da hotuna da jadawali masu sarƙaƙiya. Abin da ya yi wa idon mutum sauƙi yakan yi wa na'urar sauƙi.

Kuskure ɗaya

Idan injiniya ya yi kuskuren harafi a takardarsa ana iya yi masa uzuri. Mai neman aikin sakatare ba shi da wannan gata, saboda takardar ita kanta samfurin aikinsa ce. Ita ce wasiƙa ta farko da ya buga wa maigidan, kuma ya sami duk lokacin da yake so wajen gyara ta. Wanda ya rubuta cewa yana da lura, sannan ya kuskure sunan ma'aikatar da yake nema, ya kawo hujja a kan kansa.

Abin takaici shi ne mutum ba ya ganin kuskurensa da sauƙi, kuma wannan ma yana da bayani. Mai karatu yakan tsallake kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomi, musamman gajeru, ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da take tsammani. Wanda ya rubuta abu ya riga ya san abin da yake nufi, saboda haka tsammaninsa ya fi na kowa ƙarfi, sai ya riƙa ganin abin da ya yi niyyar rubutawa a maimakon abin da ke kan takarda. Maganin shi ne a karya tsammanin: a bar takardar ta kwana, a buga ta a kan farar takarda, a karanta da ƙarfi, a bi ta daga layin ƙarshe zuwa na farko, sannan a ba wani ya duba. Lambar waya kuwa a sa wani ya kira ta daga abin da ke rubuce.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, kowa yana iya samun takarda mai santsin Ingilishi cikin minti ɗaya. Ba na ganin laifi a nemi taimakon irin waɗannan manhajoji wajen gyaran nahawu. Sai dai a tuna darasin barewa: alamar da ta yi arha ga kowa ta rasa darajarta. Daɗin lafazi ya daina raba masu nema. Abin da na'ura ba za ta iya ba mutum ba shi ne aikin da ya yi da hannunsa da mutumin da zai shaide shi, kuma idan aka sake mata takan ƙirƙiro ƙwarewar da mai takardar bai taɓa ji ba.

Abin da ake bari a waje

Al'adar rubuta ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma da matsayin aure ta daɗe a Nijeriya, kuma a aikin gwamnatin tarayya ana tambayar jihar asali saboda ƙa'idar raba daidai. A Amurka kuwa akan guji sa hoto da shekaru, saboda dokokin hana wariya irin na 1964 da 1967. Tsoron wariya ba zato ba ne. A binciken da Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka buga a 2004, an aika takardu kusan 5,000 ga masu tallar aiki a biranen Boston da Chicago, sai takardu masu sunayen da aka saba ji ga fararen fata suka sami kira fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kimanin kashi 50 cikin ɗari. Mu ma muna da namu ciwon, na ƙabila da addini da wa-ka-sani, kuma ba zan yaudari ɗalibi in ce kyakkyawar takarda tana maganinsa ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya ba da abin da aka tambaya, ya bar wanda ba a tambaya ba.

Lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar tantancewa ta banki ba su da wuri a wannan takarda. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023, amma takardar da ta shiga hannun ɗan damfara doka ba ta dawo da ita. Duk tallar aikin da ta ce a biya kuɗi kafin a duba takarda, a yi nesa da ita.

Ga ɗalibi da malaminsa

Ɗalibin sakandare zai ce shi bai taɓa aiki ba, me zai rubuta? Sau da yawa ya yi, bai dai ƙirga ba ne. Sakataren ƙungiyar JETS ko ta muhawara yana rubuta rahoton taro. Monita yana riƙe rajistar aji. Yarinyar da ke rubuta wa mahaifiyarta lissafin adashi, da yaron da ke riƙe littafin bashi a shagon kawunsa, da mai taya malamin Islamiyya tattara kuɗin wata, duk aikin ofis suke yi. Abin da ke ɓacewa shi ne lissafin, domin bayan shekara biyar ba wanda zai tuna mutum nawa ne a adashin. Don haka nake ba ɗalibaina shawarar su ware littafi ɗaya, kamar littafin ɗakin gwaji, su riƙa rubuta duk nauyin da aka ɗora musu, da ranar farawa da ta gamawa, da yawan mutane ko kuɗi ko takardu, da sunan babban da ya sa ido a kai. Wanda ya je aikin koyon sana'a daga kwaleji ya ci gaba da wannan littafi.

Malamai kuma su ne masu shaida na farko. Kada ɗalibi ya sa sunan malami ba tare da ya je ya gaishe shi ya nemi izini ba, ya kuma bar masa kwafen takardar, don kada a kira malamin ya ce bai gane wanda ake nufi ba. Shi kuma malami, idan ya zo rubuta takardar shaida, ya tuna cewa "yaro ne mai ladabi da ƙwazo" ita ce jimlar da ke cikin kowace takarda a kwalin. Ya rubuta cewa wannan yarinya ta riƙe makullin ɗakin gwaji zango uku, tana ƙirga kayan gilashi duk ranar Juma'a, kuma ranar da bututun gwaji biyu suka fashe a hannunta ita ta zo ta faɗa kafin a tambaya.